Kowa Na Cikin Waƙar Ban da Doña Casilda

Ni na naɗi waƙar, don haka duk wanda ya ba ku labarinta ta wata fuska, ƙari ya yi. Sunana Dionisio, amma Nicho ake kirana, da furfura ta zo kuma aka liƙa mini "Don" na girmamawa a gaba. Shekara talatin ina naɗar murya a unguwarmu ta Los Mina. Kada ku ɗauka wani babban aiki ne. Masu motar tallar agada da rogo nake naɗa wa kiran da suke sawa a lasifika, sai sanarwar mutuwa, sai ta 'yan takara idan zaɓe ya matso. Situdiyon nawa ɗaki ɗaya ne. Inda mai waƙa ke shiga kuwa tsohuwar durowar kayan matata ce, na lilliƙe cikinta da kwalayen ƙwai, na rataya makirfo a inda ake rataya riga.

Bayan durowar bango ne, bayan bangon kuma kicin ɗin Doña Casilda.

Doña Casilda ita ta raini jikanta Wilkin tun yana shekara biyu, lokacin da uwarsa ta tafi New York da alkawarin za ta aiko a ɗauke shi kafin Disamba. Ba ta dai faɗi Disambar wace shekara ba. Ya girma a hannun kakar, ya zama ɗan acaɓa, dogo siriri mai ƙaton kai, shi ya sa abokansa suka sa masa El Fósforo, wato ashana. Duk inda yawo ya kai shi, abu ɗaya bai taɓa canzawa ba. Ƙarfe sha biyu kakarsa za ta zuba masa shinkafa da wake da abin da ya samu na nama, ta kifa wani faranti a kai, ta ajiye a kan tebur gefen taga. Ko ƙarfe ɗaya ya dawo ko huɗu, farantin na nan yana jiransa. Ba masu doguwar hira ba ne su biyun, kuma ban taɓa jin ta ce masa tana son sa ba. Abincin dai take rufewa.

Wata Litinin ya shigo mini da littafin rubutu duk ya nannaɗe saboda zaman aljihu. Shekara guda ya yi yana rubuta waƙar hip-hop, irin wadda ake zubo magana kamar ana rigima da mai gidan haya. Baiti uku ne, a kan uwarsa, da rufin da ke yoyo, da yadda fasinja ke kallon ƙeyar ɗan acaɓa bai taɓa sanin fuskarsa ba. Na karanta, ta yi kyau ƙwarai, amma ban gaya masa ba don kan nasa ya riga ya isa girma. Muka sa gobe.

Da yamma na ji shi yana gaya wa kakarsa, don bangon nan ba ya riƙe sirri.

"Mamá, gobe zan naɗi waƙata. Babbar rana ce a wurina."

"Waƙa? Wannan haushin da kuke yi?"

"Ba haushi ba ne, Mamá."

"Ka je ka yi abinka. Amma kada ka kuskura ka sa sunana a cikin wannan hayaniyar. Ni muna gaisawa da Fada Anselmo na cocinmu."

"To, Mamá."

A wurinmu ba a shiga waƙa sai an kira mutane. Ka kira unguwarku, ka kira wanda ya naɗa, ka kira waɗanda suka tsaya maka, mutum uku ko huɗu, sannan ka shiga zance. Wilkin huɗu ya rubuta: uwarsa, da ni, da layinmu, da Chepe mai faci. Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa Chepe.

Ranar Talata da na zo buɗewa ƙarfe tara, na tarar da layin mutane har bakin kantin Eladio. Na ɗauka wani babba ne ya mutu ake son sanarwa.

Fulgencio mai aski ne a gaba, almakashi na leƙowa daga aljihunsa. "Don Nicho, an ce Chepe na cikin waƙa. Chepe fa. Ni da nake zagaya wannan ƙaton kan da aska tun yana firamare, ban isa ba?"

"Kai kansa ka sani, ni cikinsa na sani," in ji Ondina mai suyar agada daga bayansa. "Wilkin, ka sa ni bayan uwarka, kada ka sa ni kusa da wannan mai surutun."

"Sannunku da ƙoƙari," in ji Eladio mai kanti. "A kan kujerata aka rubuta rabin littafin nan."

Wilkin bai iya cewa a'a ba, cutarsa ke nan tun yana ƙarami. Ya juya bayan littafin ya hau rubutawa. Wanda aka rubuta sai ya tuna da matarsa, matar ta tuna da ƙanenta, mai sharar coci ta ce ai ba a bar Fada Anselmo a baya ba. Ni kuma idona na kan agogo, don ranar Talata tsakar rana ake ɗauke mana wuta, wani lokacin ma ba sa jiran tsakar ranar. Ga shi akwatin da nake haɗa kiɗa da shi ya ƙone tun satin da ya wuce da aka kawo wuta da ƙarfi.

"Shiga ka zuba kawai," na ce masa. "Kiɗa daga baya zan sa."

Ya tuɓe takalmansa ya bar su a bakin durowa, yadda yake barin su a ko'ina, ya lanƙwasa ya shiga. Ƙarfe sha ɗaya daidai ya fara. Ban taɓa jin suna ya zauna a bakin mutum haka ba. Yana jero su suna faɗawa wuri ɗaya-ɗaya, ba tuntuɓe, ba gaggawa. Na bakin ƙofa suka ga abin na tafiya, sai suka shiga jefo ƙari. Wani don shaƙiyanci ya ce Duque, karen layinmu, ya sa. Wani ya ce Capitán, zakaran kakarsa, ya sa. Minti uku da rabi yana yi. Ya ƙare na ƙarshe, ya ja numfashi zai shiga baitin farko, aka ɗauke wuta.

Ɗan batirin da nake da shi ya ba ni damar adana abin da aka ɗauka, shi ke nan. Suna ɗari da goma sha huɗu, babu ko layi ɗaya na abin da ya shekara yana rubutawa. Mutanen kuwa a wurinsu waƙa ta kammala. Suka ciro shi daga durowa suka yi kantin Eladio da shi, aka fito da giya mai sanyi da teburin wasan domino, ba su sake shi ba sai da rana ta faɗi.

Washegari na zauna in ga ko akwai abin da zan tsinta. Ina sa abin ji a kunne na ji wani dum, dum, dum a ƙarƙashin muryarsa. Na gane shi nan take, don shekara talatin yana ɓata mini aiki. Turmin Doña Casilda ne. Kullum ƙarfe sha ɗaya take daka tafarnuwa da gishiri, ya ratso bango ya shigo mini makirfo. Na kai hannu zan goge, sai na lura da wani abu. Kowane suna a kan dakan yake sauka, ko ɗaya bai kauce ba. Mutumin da tun yana rarrafe yake jin wannan turmi, ashe da shi bakinsa ke tafiya, shi kansa bai sani ba. Ban sa wani kiɗa ba. Na ɗaga dakan, na ƙara masa nauyi yadda zai girgiza gilashin mota, na rufe bakina. Ranar ma turmin bai yi ƙara ba, haka washegari, na ji daɗin shirun ban tambayi dalili ba.

Na ba Pascual mai motar agada ya riƙa sawa tsakanin talla. Kafin Juma'a ya dawo yana zagina, wai mata na tsayar da shi ba don agada ba, don ya maimaita. Duk wanda ke cikin waƙar ya sa ta a wayarsa, kuma ba wanda ke saurarenta da daɗin rai. Mutum zai tsaya da yatsa a sama yana cewa, "Shiru, shiru, ga ni nan tafe," sunansa na wucewa ya kashe ya sake daga farko. Fulgencio ya cire allon shagonsa ya rubuta sabo da lokacin da sunansa ke faɗowa a waƙar: Minti Ɗaya da Daƙiƙa Goma Sha Biyu. Muna da Ramón biyu a layin, waƙar kuma Ramón ɗaya ta kira, suka kai ga jifa da kujeru, sai da Fada Anselmo ya raba musu. Litinin zuwa Laraba na babban ne, Alhamis zuwa Asabar na ƙaramin, ranar Lahadi kuwa ba Ramón ɗin kowa ba ne.

Wannan duk na gane shi. Abin da har yau ban gane ba shi ne mutanen da ba sa ciki. Waƙar ta haura gada ta shiga gari, ta kai Santiago, ta tsallaka teku. Aka turo mana bidiyon wasu a Madrid suna rawa suna kiran Ondina mai suya kamar ita ta haife su. Wani malamin jami'a ya fito a talabijin ya ce kukan waɗanda tarihi ya manta ne, wai Duque da Capitán alama ce ta masu mulkin da suka danne talaka. Muna kallo a kantin Eladio, Duque na ƙarƙashin benci yana cizon ƙuma. Ondina ta je wani ofis neman takarda aka ce ta kawo shaidar inda take zaune, ta ce ita ce ta daƙiƙa ta arba'in, ma'aikacin ya rera a ransa har ya iso wurin, ya buga mata hatimi. Baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoto da Chepe, da Duque, suna neman Capitán. Shi ba a gan shi ba. Wanda ya yi ƙarfin halin tambayar Doña Casilda, sai ta ce, "Ya yi tafiya," ta rufe taga.

Akwai wani wuri a minti na biyu inda kiɗan ke tsayawa cak na daƙiƙa uku sannan ya dawo. Nan ne duk gidan rawa ke ɗaga hannu sama a yi ihu. Masana suka ce wannan tsayawar ita ce waƙar. Aka kira ni gidan rediyo aka tambaye ni inda na samo kiɗan, na gyara zama na ce shekara bakwai na yi ina bincike a kan gangunan kakanninmu. Da aka tambaye ni tsayawar, na ce numfashin bayi ne a gonar rake. Allah ya yafe mini, mai tambayar har da share hawaye.

Wilkin kuwa ana ta jan sa daga wannan rediyo zuwa wancan, yana cin abin da aka miƙa masa a tsaye. Sai bayan mako biyu ya samu ya dawo gida da rana. Ya shiga, ya duba tebur gefen taga. Babu faranti. Ya duba kicin, tukwane a kife, turmi a kan kanta an rufe shi da tsumma.

"Ki sa mini albarka, Mamá."

"Allah ya yi maka albarka." Wannan ba ta taɓa hana shi ba, ta ce ba nata ba ne balle ta hana.

"Mamá, ba abinci?"

"Ka tambayi Ondina. Na ji an ce cikinka ta sani."

Ya juyo ya dube ta. "Don ban sa sunanki ba ne? Ai ke kika ce kada in sa."

"Ni na ce. Kuma ka ji. Shekara ashirin da huɗu ina cewa ka daina barin takalmi a hanya ba ka ji ba. Wannan ɗayar ce ka ji."

Ya shigo wurina ya zauna a ƙasa. Ga mutumin da rabin duniya ke rera muryarsa, ya haɗa kai da gwiwa saboda farantin shinkafa da wake. Na so in yi masa dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

Sai abin ya ƙara lalacewa daga New York. Tsofaffin 'yan layinmu da ke can suka zauna da waƙar da takarda, suka ga duk wani mai rai a layin an kira shi, har kare. Waɗanda ba a kira ba sai waɗanda ke maƙabarta. Ba su ji Casilda ba. Suka yi kuka, suka sa aka fara mata addu'ar kwana tara a wani coci a can. Waya ta fara shigowa gidan, ita take ɗauka, ana yi mata ta'aziyyar kanta. Ta kan ce, "Na gode, Allah ya ba da lada," ta ajiye. Ranar Asabar aka kawo ƙaton kambun furannin makoki da sunanta da manyan haruffan zinariya a jikin ƙyalle. Ta sa hannu ta karɓa da kanta, ta ɗora shi a kan tebur gefen taga, daidai inda farantinsa ke zama.

"Mamá, don Allah ki ɗauke wannan abin."

"Me ya sa? Su dai sun iya rubuta sunan."

"To ki dafa ko ruwan wake ne."

"Ka taɓa ganin mamaci na girki?"

Ya ce mu gyara. Muka naɗi sabuwa, ba kowa a cikinta sai ita, Casilda sau arba'in, na ɗora mata kiɗan kwamfuta da na aro. Ba wanda ya so ta, don ba wanda ke ciki. Pascual ya zagaya da ita sau ɗaya, ya bi ta ƙofar gidan a hankali. Ta leƙo ta taga ta ce, "Yanzu kuma talla ake yi da ni? Nawa-nawa ake sayar da ni, ɗaya ko tuli?" Pascual ya kashe lasifikar ya ja motarsa.

Ana cikin haka wani mai kamfanin waƙa ya sauka daga Miami, sunansa Osvaldo, mai baƙin tabarau har a cikin ɗaki. Waƙa ta biyu yake so, kuma sharaɗinsa ɗaya, wannan kiɗan, amma sabo. Na ce ya ba ni kwana uku in tuntuɓi kakanni. Na sayo turmi a kasuwa na kulle ƙofa na daka da kaina, ya fito kamar ana gyaran rufi. Na kira matata ta daka, ta tambaye ni dalili, na ce bincike ne, ta ce in binciki mai yi mini wanki daga yau. Duk wanda na sa masa, Osvaldo sai ya girgiza kai ya ce babu rai a ciki.

Ba Osvaldo ne ya sa na faɗi gaskiya ba. Wilkin ne. Wata biyu ke nan, ya rame har kan ya ƙara girma. Ya daina fita, don duk inda ya bi akwai mai miƙo masa takarda da suna, har mata masu ciki suna kawo sunan abin da ba su haifa ba. Durowata ta zama maɓoyarsa, ya shiga ya ja ƙofa ya zauna da littafinsa. Kullum sha biyu na yi zan ji ya yi tsit, na san kunnensa na jikin bango yana jiran ƙarar faranti. Ni kuma ina zaune da abin da zai iya taimakonsa, na ɓoye don kada a ce Don Nicho maƙaryaci ne. Na ji kunyar kaina, irin wadda ke hana mutum kallon madubin mai aski.

Wata Laraba da hantsi na zagaya na buga mata ƙofa.

"Doña Casilda, akwai abin da nake so ki ji."

"In wannan hayaniyar ce, Don Nicho, na ji ta har a makokina."

"Ba ita ba ce. Minti uku kawai."

Ta biyo ni da robobin naɗe gashi a kanta. Wilkin na cikin durowa. Ban manta ba, na dai yi kamar na manta. Na zaunar da ita a kujerata, na ɗora mata abin ji a kan robobin, na cire muryar jikanta gaba ɗaya, na bar dakan shi kaɗai.

Ta saurara fuska a ɗaure. Can ta ɗan karkata kai.

"Wannan ai turmina ne."

"Shi ne."

"Ina gangunan kakanni?"

"Ƙarya na yi, Doña."

"Na sani ƙarya ce, ban dai san da kayana aka yi ta ba." Ta ƙara saurara. "Da wannan duk suke rawar?"

"Har Madrid."

Ba ta yi murmushi ba, amma na ga yatsanta na bin dakan a kan gwiwa. Aka iso wurin da kiɗan ke tsayawa, wurin da duniya ke ɗaga hannu.

"Nan gishiri na tsaya ɗaukowa," ta ce. "An ɗauke mini shi daga inda nake ajiyewa."

Na tuna numfashin bayi a gonar rake.

Ta bari har ya ƙare, ta cire abin jin ta riƙe shi a cinya. Da ta sake magana ba ni take kallo ba.

"Ranar Talata ce. Ya ce mini babbar rana ce a wurinsa. Ni ban san waƙa ba, amma na san babbar rana. Da asuba na yanka Capitán. Shekara huɗu ina kiwonsa, Kirsimeti ta zo sau huɗu ban taɓa shi ba. Wannan dakan da kuke ji, nasa ne. Ina daka ina jin su ta bango suna kiran sunansa, shi kuma yana cikin tukunya."

Daga cikin durowa ba motsi.

"Na zuba masa cinya biyu, na rufe. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Ina jiyo su a kantin Eladio, taku ashirin daga ƙofata. La'asar ta yi yana rufe. Da ya shigo ya wuce ta gaban teburin ya kwanta, da safe ya fita bai ɗaga ba. Na ba Duque." Ta miƙo mini abin jin. "Suna kuma, me zan yi da shi? Na san sunana. Ni dai na so ya ɗaga farantin nan ya gani."

Ta miƙe tana dafa gwiwa. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi ƙasa, inda wasu dogayen takalma ke yashe a gaban durowa, ɗaya a kife.

"Ka gaya wa durowarka ta kwashe takalmanta daga hanya, kafin wani ya karye."

Bayan ta fita na daɗe ban buɗe durowar ba. Kwalin ƙwai na tare ƙara, amma ba ya tare duka, sai na kunna rediyo na ƙara murya na fita shan kofi.

Washegari Osvaldo ya zo da ƙarfe goma da rabi, ya ce yau ko a yi ko ya koma. Wilkin ya shiga durowa da littafinsa, ya ce baitin nan uku zai yi, ko da kiɗa ko babu. Ya fara na farko, wanda ke maganar uwarsa. Yana tsakiyar layi na huɗu, ƙarfe sha ɗaya daidai, bango ya amsa. Dum, dum, dum.

Osvaldo ya miƙe tsaye, ya cire tabarau, karon farko da na ga idonsa. "Shi ne wannan! Ɗauka, Don Nicho, ɗauka."

Muryar Wilkin ta tsaya. Ƙofar durowa ta buɗe, ya fito, ya rataya abin jin a jikin makirfo. Ya sunkuya ya kwashi takalmansa a hannu, ya fita ba takalmi a ƙafa.

"Ina kuma za shi?" in ji Osvaldo.

"Cin abinci."

Ya dubi agogonsa. "Yanzu fa aka fara daka. Abincin ai sai nan da awa guda."

"Zai jira."

Na sa hannu na kashe na'urar. Osvaldo ya bi hannuna da kallo kamar na yar masa da jariri, ya buɗe baki, na ɗaga masa yatsa yadda mutanen layinmu ke yi in sunansu na tafe. Muka tsaya mu biyu muna fuskantar durowa. Dakan ya ci gaba, ya ci gaba, sai ya tsaya cak. Ta cikin bango muka ji muryarta, ba ta ɗaga ta ba.

"Miƙo mini gishirin nan, ga shi can bayanka."